Asubahin Mutanen Kasuwa

Ƙarfe huɗu da kwata na dare yayana ya buga mini ƙofa. Ban daɗe da samun barci ba, domin mun raba dare muna hirar zumunci a tsakar gida. Na ce masa, "Haba Yaya, ai ko sallar asuba ba a yi ba." Ya ce, "Tashi dai, a tasha za mu yi ta. A garin nan wanda ya jira gari ya waye ya yi asarar yininsa."

Jama'a masu karatu, abin da ya kai ni Kasuwa, wato garin da takardun gwamnati ke rubuta sunansa Kasoa, shi ne maganar fili. Babban ɗan yayan nawa tela ne a Nima, ya yi shekara da shekaru yana tara kuɗi, ga shi an yi masa tallan filoti a can bayan Ofaakor a kan farashin da ko ɗaki ɗaya ba zai gina maka a Nima ba. Da yake ni ne ɗan bokon gidanmu, sai aka aiko mini in zo in duba takardu. Na ce to, amma kafin in duba takarda bari in fara duba hanya, tun da yaron nan ba a cikin takarda zai riƙa zuwa shagonsa ba.

Duk Bahaushe ya ji sunan garin nan ya san daga bakin wa ya fito. Sunansa na asali a wurin Awutu masu ƙasar shi ne Odupongkpehe, amma fatake daga arewa masu doya da dabbobi suka riƙa cin kasuwa a wurin, har sunan cinikin ya danne sunan garin. A ƙidayar 1970 mutanen Kasuwa ba su kai 1,000 ba. A 1984 ba su kai 3,000 ba. Zuwa 2000 sun haura 34,000, a 2010 sun doshi 70,000. Ƙidayar 2021 kuwa ta samu mutum sama da 230,000 a gundumar Awutu Senya ta Gabas wadda Kasuwa ce hedkwatarta. Ba haihuwa ce ta kawo wannan ba. Ankara ce ta cika ta tumbatsa (Ankara tamu ta bakin teku nake nufi, ba ta Turkiyya ba), kuɗin haya ya kori mutane, suka zo nan suka kwanta, amma abincinsu yana can inda suka baro.

Mun isa tasha mun tarar da layi kamar ana rabon sadaka. Ga masu koko da ƙosai sun kunna fitilu, ga 'yan makaranta da kayan makaranta suna gyangyaɗi a tsaye, wasunsu ba su wuce shekara takwas ba. Muka yi salla, muka shiga tirotiro ta uku, yaron mota yana ta kiran "Kaneshi, Kaneshi" alhali ba mai bukatar a kira shi. Ƙarfe biyar da 'yan mintoci muka tashi. Daga Kasuwa zuwa tsakiyar Ankara kimanin kilomita 30 ne, tafiyar da in hanya a buɗe take ba za ta ci minti 40 ba.

Muka wuce ƙarƙashin gadar saman da aka yi wa Kasuwa wajen 2016, mota na gudu, har na fara cewa a raina ashe ƙari ake yi wa maganar. Ba mu yi nisa ba muka cim ma wutsiyar layi. Wurin tsohon shingen karɓar kuɗin hanya ne, kusa da Tuba. Shekaru da yawa kowa na ɗora wa shingen nan laifin cunkoso, to a watan Nuwamba na 2021 gwamnati ta dakatar da karɓar kuɗin, amma layin bai ji labari ba. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, da kwandon busasshen kifi a cinya, ta nuna mini tuddan da ke gefen hanya. Ta ce, "Ɗana, ka ga can? Da duk daji ne." Yanzu gidaje ne sun hau tudu har ƙololuwa, ba magudanar ruwa, ba itace. In aka yi ruwan sama, yashi da jar ƙasa su gangaro su kwanta a kan kwalta tsakanin nan da tsohon Bariya, hanya mai layi da yawa ta koma layi ɗaya, sai an kawo katafila ta kwashe. Mai gini a kan tudu bai taɓa zama da mai gyaran hanya ba, amma kullum damina aikin wannan yana rushe na wancan.

Gaba kaɗan ga mahaɗar Weja, inda madatsar ruwan kogin Densu take. Daga nan rabin Ankara na yamma ke shan ruwa. In ruwa ya yi yawa dole a buɗe ƙofofin madatsar, kuma duk shekarar da aka buɗe sai ka ji kukan mutanen Tetegu da Oblogo, domin an sayar musu da filaye a kan hanyar ruwa. Ruwa kuwa ba ya mance hanyarsa.

Sai Mallam, wani sunan namu da ya zauna a taswirar Ankara. A nan hanyarmu ta haɗu da babbar hanyar da ta taso daga Tetteh Quarshie, mai kilomita 14, wadda aka gina da taimakon Amurka aka buɗe a 2012 aka sa mata sunan George Bush. Hanya ce mai kyau, ba wanda zai ce a'a. Haka gadar Sakil ta 2016, haka ta Pokuase mai hawa huɗu ta 2021, duk ayyuka ne na a zo a gani. Sai dai abin da na lura da shi a safiyar nan, gada ba ta rage motoci, tana dai yi musu saurin isa wurin tsayawa na gaba. Mun hau mun sauka, muka sake shiga layi a Sakaman, muka ja jiki ta Odoko da Darkuman. Da muka sauka a Kaneshi agogona ya nuna takwas saura kwata, ga shi ba mu ko kama motar Nima ba. Yayana ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Yau Laraba ce, ka yi sa'a. Ka zo ran Litinin."

To, wa ke da alhakin wannan? Na yi kwanaki ina bin maganar, abin da na gano kuwa shi ne tukunyar tana da masu dafi huɗu, kowa da murhunsa.

Na farko masu ƙasa. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Gana ba a hannun gwamnati take ba, tana hannun sarakunan gargajiya da manyan gidaje. Su ke yanka filoti su sayar. Sarki ko shugaban gida ya ga mutane na zuwa da kuɗi, sai ya kira mai awo ya zana masa taswira, a yanka gona guda ɗari-ɗari, a bar ɗan lungu a kira shi titi. Filin makaranta da na kasuwa da na tashar mota, in ma an zana su, su ake fara sayarwa in kuɗi ya ƙare. Wani lokacin kuma gida ɗaya ya rabu biyu, kowane ɓangare ya sayar da fili ɗaya ga mutum dabam. Daga nan aka samu 'yan tsaron fili masu adda da bindiga, waɗanda dokar 2019 da dokar ƙasa ta 2020 suka haramta, amma duk wanda ya taɓa zuba bulo a bayan Kasuwa zai ba ka labarinsu.

Na biyu majalisun gunduma, su ke ba da izinin gini. Jihar Babbar Ankara, mai mutum kusan miliyan 5 da rabi a ƙidayar 2021, an raba ta majalisu 29. A 2018 aka yayyanka tsohuwar majalisar birnin Ankara, har ta kai Nima tana Ayawaso ta Gabas, Mamobi tana Ayawaso ta Arewa. Ku da kuka tashi a unguwannin nan kun san kwata ɗaya ce ta raba su, kuma ruwan kwatar ba ya tambayar wace majalisa ce kafin ya shiga ɗakin mutum. Ba na ƙin kusanto da hukuma wurin talaka, akwai amfani a ciki. Amma kowace majalisa tana neman kuɗin shigarta, kuɗin kuwa a izinin gini da harajin gidaje da na shaguna yake. Wa zai hana gini a gundumarsa don saboda cunkoson da zai auku a gundumar wani? Babban abin mamaki ma, ita Kasuwa ba ta cikin jihar Ankara sam. Tana Jihar Tsakiya, wadda hedkwatarta ke Cape Coast, tafiyar sama da kilomita 100 zuwa yamma. Gari yana fuskantar gabas kowace asuba, hukumarsa tana bayansa. Da ka ɗan matsa wajen Budumburam kuma ka shiga Gomoa ta Gabas, ka dawo baya kaɗan ka faɗa Ga ta Kudu.

Na uku masu hanya. Shekaru da dama hanyoyin ƙasar nan suna hannun hukumomi uku, ta manyan hanyoyi, da ta hanyoyin cikin birni, da ta hanyoyin karkara, sai a 2024 aka yi dokar haɗa su wuri ɗaya. Su kuma aikinsu yakan zo ne bayan gidaje sun riga sun tsaya, don haka sai an biya diyya an rushe kafin a samu inda za a shimfiɗa kwalta.

Na huɗu masu mota. Mafi yawan mutanen Ankara tirotiro ke ɗaukarsu, tashoshin kuma suna hannun ƙungiyoyin direbobi, babbarsu ita ce GPRTU. Gaskiya in ba don su ba da garin ya tsaya cik, domin su ne kawai ke bin mutane duk inda suka je suka yi gini. Sai dai su ma bi suke yi, ba su ke gaba ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ba a taɓa yin tsari ba. An yi, har ya yi yawa. Akwai tsarin birnin Ankara na 1958, shekara ɗaya bayan samun mulkin kai. Akwai babban tsarin 1991 wanda ya dubi Ankara da Tema da ƙasar Ga a matsayin gari ɗaya. Amma dokar da ake tsara garuruwa da ita ta Turawan mulkin mallaka ce ta 1945, ita aka yi ta ja har 2016, lokacin da majalisar dokoki ta yi sabuwar dokar amfani da ƙasa da tsara wurare, mai lamba 925. Sabuwar dokar ta ce kowace majalisa ta kafa kwamitin tsara wurare, a yi tsari hawa-hawa daga na jiha zuwa na gari zuwa na unguwa, har ta buɗe ƙofa majalisu maƙwabta su haɗu su yi tsari ɗaya. Doka ce mai kyau a takarda. Sai dai kafin mai zane ya gama zana unguwa, mai bulo ya gama ginata.

Labarin bas ɗin Aayalolo ya ishe mu misali. Tun 2007 aka fara shirin sufurin birni da kuɗin Bankin Duniya, da niyyar a ware wa manyan bas layinsu na kansu, ba mai shiga, su riƙa wuce cunkoso kamar jirgin ƙasa. Hanyar da aka fara sa wa ido kuwa ita ce wannan da muka biyo, daga tsakiyar gari ta Kaneshi zuwa Mallam da Kasuwa. Ba a kai ga yin layin ba. A ƙarshen 2016 aka kawo bas 245 ƙirar Scania, aka fara da hanyar Amasaman zuwa Tudu, layin da aka ware musu guntu-guntu ne, nan akwai, can babu. An kafa hukumar GAPTE don ta haɗa kan majalisu a kan sufuri, amma ba ita ke da hanya ba, ba ita ke da ƙasa ba, ba ita ke da 'yan sanda ba. A ƙarshen 2018 motocin suka tsaya na wani lokaci saboda rashin kuɗi. Da suka dawo kuma, cikin layi ɗaya suke da tirotiro. Babbar mota mai tsada a cikin cunkoso, ai tirotiro ce mai kwalliya.

Wuri ɗaya a ƙasar nan da aka zaunar da gida da aiki da hanya a faifai ɗaya shi ne Tema. An buɗe tashar jiragen ruwa a 1962, aka ɗauko kamfanin Doxiadis na ƙasar Girka ya zana garin unguwa-unguwa, kowace da makarantarta da kasuwarta, ga masana'antu a gefe, sannan a 1965 Nkrumah ya buɗe babbar hanyar kankare mai kilomita 19 zuwa Ankara. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne gwamnati ta karɓi ƙasar tun kafin a sa tubali, hukuma ɗaya ke riƙe da komai. Amma ko a can an manta da wasu. Leburorin da suka gina tashar da masu neman aiki daga arewa ba su samu ɗaki a cikin zanen ba, suka tsallaka hanya suka zauna a Ashaman. Yau Ashaman gari ne mai majalisarsa, iyayen da yawa daga cikinmu a can suka fara sauka.

Mutanen Madina kuma sun ga ɗaya fuskar abin. Garin da Alhaji Seidu Kardo da jama'arsa suka kafa a 1959 a bayan gari, yau yana tsakiyar hada-hada. Da aka faɗaɗa hanyar Madina zuwa Adenta ta zama mai layi da yawa, sai ta raba unguwa biyu, makaranta a can, gida a nan, gadojin masu tafiya a ƙasa kuwa aka bar su ba a ƙarasa ba. Mutane suka yi ta mutuwa wajen tsallakawa. Sai a watan Nuwamba na 2018, bayan mota ta kashe wata ɗalibar sakandare, jama'a suka tare hanya suka ƙona tayoyi, sannan aka dawo aka ƙarasa gadojin. An zana hanyar ne don mai wucewa, ba a tuna da mai zama ba.

Kafin in koma Kasuwa na leƙa Ajen Kotoku, domin ina da abokai 'yan albasa. A watan Yuli na 2021 aka tashe su daga Agbogbloshi aka kai su can, bayan Amasaman, a kasuwar da aka gina tun shekaru aka bar ta ba kowa. Wasu kuma suka nufi Gomoa Dominase a kan hanyar Winneba. A ganina akwai hikima a cikin tunanin. Albasar Galmi daga Nijar take tasowa, ta ratsa Burkina, ta shigo ta Paga, ta biyo Kumasi da Nsawam, to me zai sa babbar mota ta kutsa har cikin cibiyar Ankara kafin ta sauke? Gara ta tsaya a bakin gari. Amma wani dattijo daga cikin dillalan ya ce mini, "Malam, sun kawo albasa, ba su kawo mai saye ba." Matar da ke sayen buhu ɗaya ta kai Makola ko Nima yanzu sai ta shiga mota biyu ko uku ta biya dako mai yawa, kuɗin kuma a kan miyar kowa yake ƙarewa. Ga layin dogo na Ankara zuwa Nsawam yana ratsa yankin. Da an haɗa tashin kasuwar da jirgi mai ɗaukar kaya da mutane kullum, da labarin ya sha bamban.

A nan ne nake son mu mutanen zango mu yi wa kanmu faɗa. Kakanninmu ba su taɓa sauka inda ba hanya ba. Salaga, Kintampo, Kumasi, Zongo Lane, ita kanta Kasuwa, duk a bakin hanyar fatauci aka kafa su, hanya ce ke gaba zango na bin ta. Mu kuwa yanzu araha muke bi. Mu sayi fili a inda ko amalanke ba ta shiga da damina, mu gina, sannan mu tara kuɗi mu aika wakilai wurin ɗan majalisa a roƙa mana titi. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa suna da bakin magana a majalisun nan, muna kuma da zaɓaɓɓun wakilan unguwa. Ban ga abin da zai hana jama'ar masallaci guda, in za su sayi filaye, su haɗu su saya a wuri ɗaya ba, su nemi ganin tsarin unguwar a ofishin tsare-tsare na majalisa tun kafin su biya, su tsaya a kan filin titi da na makaranta da na tasha kada a sayar. Mutum ɗaya ba zai iya ja da mai ƙasa ba, mutum hamsin za su iya.

Ran Asabar muka je ganin filin, ni da yayana da yaron. Daga Kasuwa muka shiga mota zuwa Ofaakor, daga nan muka hau babur kusan minti 20 a kan jar ƙasa, wani wurin sai mun sauka mun taka. Wurin yana da kyau, iska mai daɗi, ana hango tuddai. Mai nuna filin ya miƙa hannu ya ce nan titi zai bi, faɗinsa ƙafa 40. Na bi hannun nasa da kallo, sai na ga harsashin ginin wani a tsakiyar titin, har an kai taga. Na tambaye shi, ya ce ai wannan kuskure ne, za a gyara. Na nemi taswirar da majalisa ta sa wa hannu, ya ce tana wurin babansu, babansu kuma ya yi tafiya.

Muka samu inuwar wani kanti muka zauna. Na ce wa yaron ya kawo takarda. Muka lissafa kuɗin babur zuwa da dawowa, da motar Ofaakor, da ta Kaneshi, da ta Nima, kwana shida a mako. Muka ƙara na matarsa da ke sayar da abinci a Mamobi, da na yara biyu 'yan makaranta. Sannan muka lissafa awoyi, ko mun yi rangwame ba su gaza biyar a yini ba, awa biyar ɗin da keken ɗinki ke tsaye. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Baba, to in ban saya ba, ina zan je? Mai gida ya ce a sabuwar shekara sai na biya hayar shekara biyu gaba ɗaya." Ban samu amsar da zan ba shi ba. Uban ne ya ce, "In ka saya, sai dai ka ɗauko keken ka dawo da shi nan, ka nemi masu ɗinki a nan." Yaron ya waiwaya ya dubi gidajen da ba a rufa ba, ya ce, "Su wa zan yi wa ɗinki, Baba? Duk suna Ankara."

Bai biya ba ranar, bai kuma ce ya fasa ba. Mun bar shi a kan sai mai ƙasa ya dawo daga tafiya mun ga taswira. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, masu babur suka ce in muna da niyyar fita mu fita yanzu, domin in ruwan ya sauka ba mai ɗaukarmu sai gobe.